Mai Kiranka Ranar Alhamis

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule na gidan waya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Allah. Mu nan Birnin Kudu lafiya lau. Inna tana nan, ƙafar ce dai take tasar mata lokaci-lokaci. Yaya Sani ya riƙe gida, yana kuma ƙoƙari, ko da yake ka san shi da gaggawa. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, na kuma san wasu ne za su karanta ta. To su karanta. Akwai abin da na yi da sunanka tun bayan rasuwarka, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Ɗakinka na cikin zaure yana nan yadda ka bar shi: na'urar rediyon nan taka da ba ta kiɗa ba ta labarai, batir ɗin sola a ƙarƙashin tebur, da abin sawa a kunne da ka ɗaure da tsumma. Eriyarka ma ta daɗe a wurinta, doguwar wayar da ka ja daga tsamiyar bayan gida zuwa gorar da ke kan katanga. Har yau Inna ba ta yafe maka faɗan da ka yi mata ranar da ta shanya zani a kanta ba. Ta ce igiya dai igiya ce, in ba ta da amfani ga mutanen gida to mene ne amfaninta.

Maƙwabta sun sha cewa da aljanu kake hira, domin ba da murya kake magana ba. Ɗan madanni kake ƙwanƙwasawa, gajere da dogo, gajere da dogo, yadda kuka koya a gidan waya tun kafin a haife ni, wani kuma ya ƙwanƙwaso maka amsa daga wata ƙasa. Yayyena maza ba wanda ya kula. Ni ce na liƙe maka, don ɗakinmu bango ɗaya ne da naka, kuma da wannan ƙarar nake tashi. Da cokali da faranti ka koya mini. Daga baya in kana son ruwa sai ka buga bango kawai, ni kuma in taso, Inna tana ta mita wai mun mai da ita bare a gidanta.

Kana yawan ce mini, “Uwata, kowa da hannunsa. Ko mutum bai faɗi sunansa ba, kin ji hannu kin san mai shi.” Naka hannun yana ɗingishi. Tun ranar da ka faɗo daga tsamiya kana ɗaura eriya, yatsanka na tsakiya ya karye ya warke a karkace, sai ya zama kana gaggawa a farkon kalma kana jan ƙarshenta. Ni kuwa ban san ɗingishi ba ne. Na zaci haka ake yi, na kwashe shi duka.

Cikin duk mutanen da ka yi magana da su, ɗaya ne ya zama naka: Malam Bashir na ƙasar Sudan. Ka gaya mini kakansa mutumin Gwaram ne, ya tafi aikin hajji a ƙasa, ya yada zango a can gabas bai ƙara dawowa ba. Malam Bashir bai taɓa taka ƙasar nan ba, amma Hausa yake bugo maka, wata tsohuwar Hausa da kake dariya kana cewa ta kakanni ce. Duk Alhamis bayan la'asar kuke haɗuwa. Ba ku taɓa ganin juna ba. Ba ku kuma taɓa karɓar lambar wayar juna ba, don ka ce wannan cin amanar eriya ne.

Na tuna yadda kake hawa mota zuwa Gwaram ranar kasuwa saboda shi, kana bin tsofaffi kana tambayar zuriyar kakansa. Wata gyatuma kaɗai ka samu da ta nuna maka wani kango ta ce an taɓa kiransa gidan wanda ya tafi gabas. Ka dawo ka kwashe yammaci guda kana buga masa yadda kangon yake, da yashin rafi, da kukar da ke bakin hanya. Lokacin idonsa ya riga ya tafi. Ka ce mini, “Mutumin nan da kunne yake ganin garinsu.”

Da ka rasu gab da azumi, an sanar da kowa. An faɗa a masallaci, an kira 'yan uwa na Kano, an aika Surko da Kiyako, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa har tabarmi suka kasa. Ba wanda ya tuna da Malam Bashir. Ni ma ban tuna ba, Baba.

Sai bayan sadakar arba'in na shiga share ɗakinka. Alhamis ce, ban ma lura ba. Na kunna na'urar don in ga ko batir ya mutu, sai na ji ana kiran lambar tasharka. A hankali, ba gaggawa, a kira a saurara, a sake kira. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na daina jin ana kiranka a duniya, ga shi wani yana kira kamar kana bayan gida kana alwala.

Na san dokarka: wanda ba shi da izini ba ya taɓa madanni. Amma na zauna a kujerarka da niyya ɗaya, in gaya masa in tashi. Ka san yadda ake farawa, sai an buga lambar tasha kafin komai. Na buga lambarka, na yi sallama. Ban kai ga kalma ta gaba ba ya katse ni, hannunsa har yana sauri don murna: “Alhamdu lillahi, Sule. Wallahi na zaci ka mutu.”

Me zan ce masa? Na daɗe hannuna yana kan madanni. Abin da ya fito shi ne, “An yi rashin lafiya ne.” Ba ƙarya ba ce, amma ni da kai mun san ba gaskiya ba ce. Ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya ce hannunka dai bai canja ba.

Haka na fara zuwa duk Alhamis. In tashi daga makarantar da nake koyarwa, in hau acaɓa, in ce na zo duba Inna. In gaishe ta a tsaitsaye in shige zaure. Malam Bashir yana tambayarka zafin gari, in ba shi amsa. Yana tsokanarka wai eriyarka ta tsufa kamar mai ita, in rama maka yadda na san za ka rama. Ban taɓa cewa ni ce Sule ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Ba don tausayinsa kawai na yi ba. Don kaina na yi. A duk faɗin duniya wuri ɗaya ya rage da kake da rai, kuma ni ce nake riƙe da ƙofarsa.

Abin ya fara bina gida. Ina tsakar tuƙa tuwo sai in ji yatsana yana buga lambarka a jikin muciya. Ina aji, ɗalibi ya ƙwanƙwasa tebur da biro, sai in tsaya ina karantawa. Wani yammaci ina bugawa na kalli hannuna, na ga na lanƙwasa yatsan tsakiya yadda naka yake. Na ji tsoro sosai ranar, amma Alhamis ta gaba na dawo.

Inna ta sani tun farko. Ba ta iya karanta bugun, amma ta shekara arba'in tana jin sa ta bango. Rannan na fito ta tare ni a bakin zaure, ta ce, “Ke, zo nan. Kin san duk ranar da kika shiga ɗakin nan sai na miƙe zan ɗora masa ruwan shayi? Sai na kai madafi nake tunawa.” Ta ce, “Ni dai bar ni, na saba. Amma bawan Allahn can fa? Mutum ya yi zumunci da ubanki shekara da shekaru, kin hana shi ya ce Allah Ya jiƙansa. Ubanki kike cuta, ba shi ba. Yanzu me yake buƙata in ba addu'a ba?”

Na ji haushinta, ba zan ɓoye maka ba. Na ce mata ba ta gane ba ne. Ta ce, “To, 'yar boko, ke da kika gane.” Ta koma ɗakinta tana jan ƙafa.

Sai ga Yaya Sani da nasa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, ya ce ba zai kwana da waya a sama da damina ba, tunda babu mai sauke ta in an fara walƙiya kamar yadda kake yi. Kuma reshen tsamiyar da aka ɗaura ta zai sare, ɗaki zai tayar a wurin. “Asabar za a sauke,” in ji shi. “In akwai abin da za ki ɗauka a ɗakin, ki ɗauka.” Na roƙe shi ya bari kaka ta yi. Ya ce in tsawa ta faɗo gidan ni zan amsa? Ka san ba a ja da shi, kuma wannan karon yana da gaskiya.

Na shiga Alhamis ta ƙarshe da shawarata a hannu. Zan yi hira kamar kullum in yi sallama, Asabar a sauke waya, shi ke nan. Malam Bashir ya yi ta kira har ya gaji, ya ɗauka na'urarka ce ta lalace. A wurinsa ba za ka taɓa mutuwa ba. Na ga wannan ma kyauta ce.

Shi ya fara. Hannunsa ya yi nauyi ranar, yana tsayawa tsakanin kalmomi. Ya ce jikin ya ƙi, ya ce ba ya jin zai ga wata damina. Sannan ya ce, “Sule, alfarma ɗaya. In ka ji ni shiru, ka san ta faru. Ka je Gwaram, bakin kangon nan, ka yi mini sadaka ko ta ƙosai ce, ka ambaci sunana. Ina son a ce Allah Ya jiƙaina a ƙasar kakana. Ba ni da kowa can sai kai.”

Baba, mutum yana roƙon addu'a a wurin wanda na hana shi yi wa addu'a. Na cire abin kunnen na ajiye, na fita tsakar gida. Inna tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. Na koma.

Na san masu wannan harka suna da yadda suke faɗa, sukan ce madannin wane ya yi shiru. Ban yi amfani da shi ba, na ga ya yi sauƙi da yawa. Na buga masa yadda ake faɗa a ƙofar gida: “Malam Bashir, ba Sule ba ne. 'Yarsa ce. Allah Ya yi wa Malam Sule rasuwa tun kafin azumi. Ni nake amsa maka. Ka yafe mini.”

Ba abin da ya dawo sai shuuu ɗin iska. Na zaci ya kashe na'urarsa. Na zaci ma saƙon bai isa ba, har wani ɓangare na zuciyata ya yi murna. Can sai ga shi, harafi ɗaya-ɗaya, yana kuskure yana gyarawa, mutumin da ban taɓa jin ya yi kuskure ba: “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya yi maka addu'a mai tsawo. Ya roƙa maka gafara da sunanka da sunan mahaifinka, wanda ban san ka taɓa gaya masa ba. Ya ce gobe Juma'a zai sa a yi maka a masallacinsu. Ina ta share hawaye da gefen mayafi don kada su zuba a kan madanni.

Na ce masa zancen Gwaram yana wuyana, kuma ba sai na jira ba, zan je da kaina. Ya ce Allah Ya yi mini albarka. Na fara buga masa wani abu, ban ma san me zan ce ba, so nake dai kada a rufe. Sai ya katse ni. Ya ce, “'Yata, na yafe miki. Amma ki daina bugawa haka nan. Hannunki nasa ne, ba zan iya ji ba.”

Na ɗauke hannuna. Ya yi sallama, ban amsa ba, tunda ya ce in daina.

Ranar Asabar aka sauke eriya, Yaya ya naɗe ta ya rataye a zaure. Na je Gwaram ranar kasuwa, na sayi ƙosai na raba a bakin kangon, na ambaci sunan Malam Bashir da naka. Ban san ko yana raye ba, kuma ba ni da hanyar sani.

An yi maka wanka ina gidan, an ɗauke ka ina kallo, na karɓi gaisuwa har muryata ta dushe. Amma ni a wurina, Baba, ranar Alhamis ɗin nan ka rasu, da la'asar sakaliya, kuma ni na sanar.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi addu'ar abokinka a kanka. In yana raye Allah Ya ba shi sauƙi, in ya riga mu Allah Ya yi masa rahama. Allah Ya haɗa ku a Aljanna ku ga fuskar juna. Amin.

Wassalam.

'Yarka,
wadda kake kira Uwata