Hoton da Mama Ta Goge

Ponce, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Nilsa,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Hartford, ya maigidan da yara? Mu nan lafiya, in ban da ni da nake tafasa.

Kin tuna hoton yaƙin nan na shagon askin marigayi Kaka, mai soja yana nuna mutum da yatsa, wai a sayi takardun lamunin gwamnati? Kawu Efraín zai sayar da shi! Ya samo wani dillali daga San Juan mai tara irinsu. Yaya, a jikin takardar nan na koyi karatu, Kaka yana nuna mini baƙaƙen da matajinsa, lokacin da makaranta ta ce kaina dutse ne. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce to na riga na iya, me kuma nake nema? Mutumin da ko takardar magani sai an karanta masa! Mama kuwa ta ci gaba da aikinta, kamar ba kayan ubanta ba ne.

Ki kira shi don Allah, ke yana jin kunyarki.

Ƙaninki,
Heriberto

Ponce, 12 ga Maris

Yaya Nilsa,

Ina fatan kuna lafiya. Kada ki ɓata kuɗin waya.

Dillalin ya zo da farar safar hannu kamar zai yi tiyata. Ashe tun zamanin yaƙi a ninke ake aiko hotunan nan ta gidan waya, layin ninkin shi ne shaidar na asali. Ya duba, ya duba, babu layi. Kafin zuwansa, Mama ta sauke hoton daga bango ranar Juma'a, wai kada baƙo ya gan shi a yamutse. Ta yayyafa masa ruwa, ta danne shi da dutsen guga, ta manna a kwali da sitaci, har gashin bakin sojan ya ƙone. Mutumin ya ce ko kyauta ba ya so. Kawu ya yi ta ihu, ya wurgo mini shi, wai in je in ci.

Na tsaya ina yi wa Mama masifar ɓarnar da ta yi, ta ce ita ina ta san ninki, in matsa mata tana dafa wake.

Yanzu yana rataye a ɗakina, soja ba gashin baki. Har yau haushi nake ji. Amma Yaya, shekara talatin Mama tana yi wa mutane guga. Kin taɓa ganin ta ƙona ko hankici?

Ki gaida yara.

Naki,
Heriberto