Zoɓon da ya ƙetare teku

Goggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙafar? Ya su Baffa da yara?

Goggo, har yanzu jikina a sanyaye yake. Jiya a ofishinmu na Dubai abokiyar aikina, 'yar Port Antonio, garin masunta a bakin tekun Jamaika, ta ba ni abin shan garinsu. Ina kurɓa, wallahi zoɓonki ne, har citta da kanumfari! Na ce, "Wa ya koya miki?" Ta ce, "Kakata. Daga wajenku aka lodo kakanninmu a jirgin ruwa, bayi."

Sai na tuna ƙanen kakan kakanki da kika ce an sace a gona. Na kasa shanyewa.

A gaida kowa. Ki sa mu a addu'a, har da ita. Ƙila jininmu ce.

'Yarki,
Bilkisu