Bayan Tagar Hansai

Ridina, Injamena
9 ga Nuwamba

Matar ƙanenki Junaid ta haihu! Mace, jiya da hantsi, lafiya lau. Kuma uwarki ta shanye kofinta tas!

Hamdiyya, yi haƙuri, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya mutanen Abeshe? Kin san kunnena ya daina jin waya, shi ya sa na ɗauki biro. Ba a banza na zauna ajin yamma da furfurata ba.

Tun da hawan jini ya kayar da Hansai da damina, ya shanye mata ɓari ɗaya, loma biyu take yi ta kau da kai. To na fara ba ta ƙwayar kittanin da kika aiko, ta cikin gwangwanin nan mai hoton shuɗin fure. In na dawo daga sallar Asuba sai in zuba cokali guda a karkanji, wato zoɓo, mai sanyi, ba sukari, in ajiye mata a bakin taga kusa da gado, in tafi in buɗe shagon ɗinki. Kafin in dawo kofi ya zama wayam. Yau kwana shida a jere.

Na ce mata, "Hansai, tashi ki ga amaryata." Ta ce, da bakin nan nata da ya karkace, "Amarya ba haƙori, ango ba haƙori. Kun dace." Rabon da ta tsokane ni tun kafin Babbar Sallah.

Sunanta za a sa wa jaririyar. Da yake ƙanenki ba zai iya kiran sunan uwarsa ba, Zinariya za mu riƙa ce mata.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Dawuda

Abeshe
16 ga Nuwamba

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Barkanmu da samun Zinariya, Allah ya raya ta.

Baba, na rubuta a murfin gwangwanin cewa a niƙa. In ba a niƙa ƙwayar ba, yadda ta shiga haka take fita. Kuma abinci ce kawai, tana taimakon ciki, ba ta maye gurbin maganin likita. A riƙa ba Inna ruwa sosai tare da ita.

Na nemi hutu. An ba ni zaɓi: kwana biyar yanzu, ko sati uku a Janairu. Don Allah ka gaya mini gaskiya. Tana cin tuwo? Zoben azurfarta yana nan daram ko ya fara juyawa a yatsa? In da abin damuwa, gobe zan hau mota.

A gaishe mini da Inna, a ce ta sa ni a addu'a.
'Yarka, Hamdiyya

Ridina
25 ga Nuwamba

Hamdiyya,

Bayan sallama da fatan alheri. Ki ɗauki Janairu, ki zo ki daɗe, ki tarar da uwarki tana zaune a tsakar gida.

Maganar niƙa, na gwada. Mai injin unguwa ya ce ba zai tada inji don gwangwani ɗaya ba, kuma injinsa barkono ne zalla. Na dawo na jawo turmi. Bugu uku na yi, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga: "Malam Dawuda, yau kai ke da girki?" Sai na jingine taɓaryar. Ai ga shi tana aiki a haka.

Tuwo dai har yanzu ba ta so. Zoben kuma ta cire da kanta, ta ce a ajiye wa takwararta. Amma kofi bai taɓa dawowa da ko ɗigo ba. Kullum sai ta miƙo mini shi tana kallon fuskata. Na karanta mata wasiƙarki, ta ce, "Ce mata kada ta ɓata hutunta, hanyar da nisa."

Allah ya kai mu Janairu.
Mahaifinki

Abeshe
17 ga Disamba

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙuri? Na iso lafiya.

Kwana uku na yi a gida ban iya yi maka magana ba, shi ya sa nake rubutawa. Ina tsaye a kan mara lafiya Junaid ya kira ni. Kafin motarmu ta bar tasha an riga an kai Inna makwancinta. Ƙasa na tarar.

Matar da ta yi mata wanka ta ce da hannu ɗaya ta juya ta. Ba abin da ya rage sai ƙashi. Na tambaye ka, Baba. Tambaya biyu kacal na yi maka. Kofi kake kallo, ba Inna ba.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma kwana biyar ɗin nan nawa ne, kuma da na same ta da rai. Hutun Janairu a nan zan yi shi. Ka yafe mini in na yi kaushi.

Allah ya jiƙan Inna.
Hamdiyya

Ridina
19 ga Janairu

Hamdiyya, ya yi fure!

Assalamu alaikum. Na san ba ki son takardata, amma karanta wannan.

Tun ranar jana'iza ban buɗe tagar uwarki ba sai jiya, bayan addu'ar arba'in. Kin san lungun da ke bayanta, inda famfo ke ɗiga, wanda ba mai shiga. Ya cika da tsiro har gwiwa, da shuɗin fure irin na jikin gwangwaninki sak.

Zubarwa take yi. Kowace safiya, da hannunta mai lafiya, ta ɗaga kofin ta juye ta taga, don in dawo in yi murna. Na zauna a bakin gadon na yi kuka har matar Junaid ta shigo da gudu. Can kuma dariya ta ƙwace mini. Shekara arba'in da ɗaya, ban taɓa kama ta da ƙarya ba sai da ƙasa ta tona.

Kin yi gaskiya, kofin nake kallo. Tsoron kallonta nake yi. Ni na hana ki kwana biyar ɗinki, kuma ba ni da abin da zan mayar miki. Da na niƙa kamar yadda kika ce, ko wannan ma da ba mu samu ba.

Na ɗauko Zinariya na leƙa da ita. Ta kai hannu ta damƙe ɗaya.

Furen da safe yake buɗewa, kafin Azahar ya zube, gobe wani ya fito. Zafi na tafe, ba zai daɗe ba. Na aika wa dangin uwarki na unguwar Mursal, na gaya wa maƙwabta har masu yi mini dariyar turmi. Na ce kowa ya zo ya gani. Ke ma ki zo, 'yata, ko ba za ki ce mini komai ba. Amma ki zo da safe.

Mahaifinki, Dawuda