Abin da Na Gani a Bayanki, Kaltuma

Zuwa ga ƙanwata Kaltuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ni ce Yaya Ladi ta Gummi. Wani falken shanu ya kawo mana labarin rasuwarki a can Cadi. Wata biyu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Kin zo mana daga Cadi da tsohon ciki da ƙullin kaya ɗaya, yaƙi ya cinye mijinki. Malam, mahaifinmu, ya ba ki ɗakin marigayiya Inna. Hausarki ta yi ta ba mu dariya, ke ma ki taya mu. Ko a fadama wurin yankan shinkafa, da ciki kike riga ni kai ƙarshen layi.

Da kika haifi ɗiyarki, ni na yi miki wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwan zafi da ganyen darbejiya. Ranar farko kika juya mini baya, na gani. Kika ce, "Yaya, ki rufa mini asiri." Na rufa.

Sai jami'an shige da fice suka ce ki koma ƙasarku, wai babu shaidar cewa ranki kika tsere da shi. Lauyan da Malam ya samo ya ɗaukaka ƙara a Sakkwato. Ke kika ce masa a kira ni. Kin yafe mini alkawarin, ni ce ban gane ba.

Ban taɓa shiga kotu ba sai ranar. Maza cike, ga Malam, ga ƙanensa, tafinta ma namiji. Alƙali ya tambaye ni me na gani a jikinki lokacin wanka. Kaltuma, Inna ta tarbiyyantar da mu cewa abin da mai wankan jego ta gani, da shi ake binne ta. Na ja mayafi, na ce ban ga komai ba. Ya sake tambaya. Na sake faɗa.

Kotu ta ce a mayar da ke Cadi. Ba ki zage ni ba. Da za a sa ki mota ma goyon kika gyara, kika ce in gaida mutan gida.

Na ɗauka mutuncinki nake karewa. Kunyar kaina na ji, kuma ke kika biya.

To, ga shaidata, duk mai karatu ya ji. Tabon ƙuna bakwai na ƙirga daga kafaɗarki zuwa ƙugu, na ƙarfen da aka sa a wuta. Biyu ba su gama warkewa ba. In ruwan zafi ya taɓa su, zane kike cizo don kada jaririya ta farka. Na gani da idona, sau tamanin.

Ban san hannun da ɗiyarki take ba. Ina nan ina tambayar fatake.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki gidan da ba mai korar ki. Ni kuma Ya sa ki yafe mini kafin mu haɗu.

Yayarki mai laifi,
Ladi