Na Kulle Kaina a Waje

Jikokina, kafin wasiƙar yau ku cinka mini wannan: wane mai gadi ne ba ya gyangyaɗi, ba ya jin lallashi, kuma ko fuskar wanda ya ɗauke shi aiki bai sani ba?

Kaka, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Sabuwa ce ni a ofishinmu, yayana ne ya tsaya mini aka ɗauke ni aikin kula da kwamfutoci. Maigidanmu ya sayo fayawol, ɗan akwatin nan da ke tsayawa tsakanin kwamfutocinmu da intanet yana tace mai shiga da mai fita, ya ce in haɗa kafin ya dawo daga tafiya. Na jona wayoyi, na canza kalmar sirrin da ya zo da ita. An koya mana a fara rufe kowace ƙofa, sannan a buɗe waɗanda ake buƙata. Na rufe duka, na adana, ina ta jin kaina. Ashe har ƙofar da nake bi in ba shi umarni na rufe. Intanet ya ɗauke, akawu sai hararata yake, ni kuma bakina ya suɓuce na ce laifin kamfanin intanet ne. In faɗi gaskiya in kunyata yayana, ko in yi shiru?

Wadda ta kulle kanta a waje

Ke 'yar nan, kin ba ni dariya har ɗankwalina ya zame. Bokona bai yi nisa ba, amma wannan sana'ar surukina ce, na tsare shi a bakin ƙofa sai da ya yi bayani. Ya ce shi ma ya taɓa yi, yana faɗa yana sosa ƙeya.

Rufewar daidai ce, gaggawa ce ta ci ki. A bayan akwatin akwai ɗan rami. Ki danna da tsinke, zai koma yadda ya fito daga kwali. Ki sake sa kalmar sirri, ki fara ba kwamfutarki izinin shiga, ki gwada, sannan ki rufe sauran ki adana kwafin saitin.

Na san don yayanki kike tsoro, amma zancen kamfanin nan ki janye shi yau, tun maigidan bai buga musu waya ba. In kuskuren sabon hannu ne, yayanki zai wanke ki. Ƙarya kuwa shi za ta fara shafa wa baƙin fenti. Allah ya dafa miki, ya tabbatar da ke a kujerar.

Mai gadin kuwa akwatin nan ne. Bai san fuska ba, dokar da aka ba shi kaɗai ya sani.