Shafin Da Na Tsallake

Funtua, 14 ga Nuwamba, 1965.

Zuwa ga Yayata Tsohuwa, a Jos.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam Sada da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ku da sanyin Jos da kika ce yana shiga har ƙashi. Mu nan lafiya lau. Inna ta warke daga ciwon ƙafa, har ta je Bakori ta dawo. Yaya Buba ya kai dawarsa rumbu, auduga kuma ta fashe fari fat ko'ina.

Yaya, na yi miki alkawarin za mu zo da Sallah a motarmu. To, ba za mu zo a cikinta ba, kuma gara ki ji dalili daga bakina. Kin san tsohuwar motar sojan da maigidana Malam ya sayo a gwanjo, mai jan ƙafa huɗu. Injinta lafiya, akwatin giyarta ne ya mutu. Raufu makaniki, mijin Abike maƙwabciyarmu, ya samo masa biyu ya ce ya zaɓa. Ɗaya babba ne mai nauyi, giyarsa ta farko tafiyar kunkuru take yi, amma ko dutse aka ɗaura wa motar za ta ja. Ɗayan ƙarami ne, ana ɗaura masa wani ƙarin akwati a baya da suke kira obadaraib, wanda ke sa mota ta miƙe a kwalta ba tare da inji ya yi kuka ba, mai ma ba ta sha sosai. Sai dai kafin a sa shi dole a yanke farfela, wato sandar ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, kuma Raufu ya ce in an yanke an yanke.

Raufu bai taɓa ɗaura irin wannan ba. Ya ce shi da kunne yake aiki, sai ya ji abin da ɗan littafin da ya zo da akwatin ya faɗa. Littafin da Turanci yake, don haka Malam ya kawo mini, kamar yadda yake kawo mini kowace takarda tun da na shigo gidan nan. Na karanta masa shafi shida ina fassarawa, duk yabo ne. Ina karantawa ina ganin kaina a gaban mota da koren gyale, muna hawa duwatsun Jos, ke kuma kina tsaye a ƙofar gida, kamar yadda ake yi a 'yan littattafan nan da kike cewa sun cinye mini hankali. Da na buɗe shafi na bakwai, sai na ga an rubuta cewa kada a yi amfani da akwatin ga mota mai ɗaukar kaya masu nauyi a cikin yashi ko taɓo, domin zai yi zafi ya ƙone. Na rufe littafin, na ce masa saura duk zane-zane ne. Nan take ya zaɓi ƙaramin akwatin.

Kwana uku ina ɗauke da abin. A rana ta biyu manoma suka zo daga wani ƙauye a bayan Mahuta, ina jin su daga bayan zaure. Sun ce shekara uku jakuna ke fitar musu da auduga, domin babu direban da ke yarda ya shiga yashin rafinsu, kuma kafin su gama kwasa an rufe kasuwa. Malam ya ce musu bana ya ɗauke musu wannan, su sa ransu a inuwa. Yadda ya faɗa babu ko shakka, a kan maganata ya tsaya.

Ran da za a yanke farfelar, da safe na kai masa kunu, na ajiye littafin a buɗe kusa da kwanon, na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya shanye kununsa, ya tambaye ni ko Jos nake so. Na ce ke nake so. Ya aika aka kira Raufu, ya sa na zauna a bayan labule na karanta shafin da ƙarfi. Raufu ya yi ta dariya, ya ce halin masu rubuta irin waɗannan littattafai ke nan, zuma a gaba, harbi a baya, kuma da amarya ba ta da naci da an yi asarar ƙarfe mai kyau. Malam ya ce haka ne. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

An sa babban akwatin. Ran Laraba suka loda mata buhunan ƙasa suka kai ta rafin. Abike ta ce mijinta ya dawo da yashi har cikin kunne, yana cewa motar ta ƙetare tana gurnani kamar tsohon raƙumi, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. A kwalta kuwa, in ji shi, mai keke ma yana iya yi mata tsiya. Malam ya ce ba zai wahalar da ita zuwa Jos ba, amma in an gama auduga zai sa ni a jirgi. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Abin da na fi tsoro shi ne ya koma kai takardunsa wurin malamin da ke rubuta wasiƙa a bakin kasuwa. Kwana biyar bai kawo mini komai ba. Jiya da la'asar ya shigo da takardar lasin motar, ya miƙo mini, ya zauna. Ya ce in karanta, har da abin da ke bayanta. Na karanta duka, har sunan waɗanda suka buga takardar.

Ki gaishe mini da Malam Sada, da Mairamu da jaririnta. Inna da Yaya Buba suna gaishe ku. Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu.

Ni ce ƙanwarki,
Maijidda.