Na zubar da maganin Sanusi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, 'yarki Rakiya ce daga unguwar Abbasiya, nan ƙasar waje. Allah ya ƙara haskaka makwancinki.

Inna, autanki Sanusi ya fasa min baki. Haƙorina na gaba ya guntule, jini har kan abayata. Yaron da na goya!

Kin rasu ba ki ga ranar da wata ƙaramar bas ta kwashe shi a kasuwar Ataba da dilar kaya a ka ba. Ta maka shi da ƙarfen gefen titi, lakar bayansa ta samu rauni. Daga ƙugu zuwa ƙasa, ko allura aka soka masa bai sani ba.

Kwanakin baya wani abokinsa ya turo masa labari a waya. Wai masu bincike sun gwada maganin mantuwar tsofaffi a kan ɓerayen da aka ji wa ciwo a laka, wasu ɓerayen suka fara motsa ƙafa. Ɓeraye fa, Inna! Babu wanda ya ce mutum ya sha. Amma wani kantin maganin a nan, kana faɗin suna sai a miƙo maka, khalas, shi ke nan. Ya aika aka sayo, yana sha yana ninka ƙwayoyin a ɓoye.

Naman cinyarsa ya fara rawa. Ya dinga kabbara, ya kira ni in taɓa, har mai gadin gidanmu sai da ya hau bene ya gani. Wallahi ni ma na yi kukan murna. Sai ga amai, yawu na dalala, gumi sharkaf. Ranar Juma'a na tarar ya sulale daga kan kekensa na guragu, idanu sun kafe. A asibiti likita ta ce rawar nan ba warkewa ba ce, maganin ne ke fizgar naman, kuma yana rage masa bugun zuciya. In ya ci gaba, zuciyar za ta tsaya.

Ranar da aka sallame mu na farke matashinsa, na kwashe ƙwayoyin da ya ɓoye a ciki na zuba a masai yana kallo. Ya faɗo ƙasa da gangan, ya ja jiki da gwiwar hannu, ya cafki ƙafata ya gantsara min cizo. Ya ce ni ce na karya shi karo na biyu. Da na sunkuya in ɗaga shi, ya rarumi kofin shayi ya kwaɗa min a fuska. Na ji zafi, na tsine masa a zuci, na kuma janye tsinuwar.

Da kika raka mu filin jirgi kin ce, “Rakiya, riƙe min shi da kyau.” Ina riƙe da shi, Inna. Ƙafafun sun koma shiru, shi ma ya daina min magana, ya juya wa bango fuska. In ya yi barcin rana nakan ɗora kunne a bayansa, in ji zuciyarsa tana bugawa da ƙarfinta. Ya tsane ni, amma da ransa yake tsanata.

Allah ya ba masu binciken nan sa'a su kai ga mutane tun yana raye. Allah ya jiƙanki, Innata.

Taki,
Rakiya